Kafin a yi takarar gida, an fara takarar fili: Darasi daga Sule Tankarkar

A watan Janairun 2026 Shugaban Amurka Donald Trump ya bayyana aniyarsa ta hana manyan kamfanonin zuba jari ci gaba da sayen gidajen zama na iyali guda, bisa hujjar cewa suna ture talaka daga kasuwa. Tushen maganar yana komawa ga rikicin tattalin arziki na 2008, lokacin da bankuna suka ƙwace gidajen waɗanda suka kasa biyan bashi, kamfanoni irin su Blackstone kuma suka kwashe su da araha suka zuba 'yan haya. Kamfanin Invitation Homes, wanda Blackstone ya kafa a 2012, ya kai ga mallakar gidaje sama da dubu 80.

Wanda ke zaune a Sule Tankarkar ko Gagarawa zai iya cewa wannan hayaniyar masu shi ce. Babu kamfanin da ke bin unguwannin Gumel ko Maigatari yana taya gidajen ƙasa. Sai dai takarar da ke tsakanin babban mai saye da ƙaramin mai saye ta daɗe da isowa wannan yanki na arewacin Jigawa, illa iyaka ta shigo ta wata ƙofa ce, wato ƙofar gona.

A waɗannan garuruwa da wuya mutum ya sayi ginannen gida. Magidanci yakan samu fegi a gefen gari, sau da yawa daga gonar gado, ya kewaye shi, ya tayar da ɗaki ɗaya bayan kaka, ya ƙara wani idan ya sayar da riɗi ko zoɓo ko ya kwashi adashe. Idan ɗa ya isa aure a yanka masa wuri a cikin gida, idan gida ya cika a fita bayan gari. Ke nan gonar da ke bakin gari ita ce unguwar gobe, kuma duk abin da ya taɓa ta ya taɓa matsugunin 'ya'ya da jikoki.

Wannan ne ya sa rikicin gonar rake ya wuce batun noma kawai. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, gwamnatin Jigawa ta ware kimanin hekta dubu 12 ga rukunin kamfanonin Lee na 'yan China domin noman rake da kafa masana'antar sukari, a filin da ya ratsa ƙananan hukumomin Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura. Gwamnati ta kafa hujja da ayyukan yi da kuɗin shiga, kuma hujja ce mai nauyi a jihar da matasanta ke tafiya cin rani kowace shekara. Manoma da dama kuwa suka yi zanga-zanga, wasu suka ƙi karɓar diyya, aka dangana da kotu. Hekta dubu 12 daidai take da murabba'in kilomita 120. Hekta ɗaya tak, idan aka yanka ta fuloti mai ƙafa 50 da 100, tana ba da kusan ashirin kafin a cire hanyoyi.

A Amurka babban mai saye yana rinjaye ne da tsabar kuɗi a hannu, ya riga mai jiran lamunin banki. A nan ƙarfinsa yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya taƙaita diyya ga abin da aka ɗora a kan ƙasar, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Manomin gero da aka zo wa da rani, gonarsa babu komai sai kara da 'yan bishiyoyi, a idon doka kusan bai yi asarar komai ba, alhali ya rasa abinci da gado da wurin gini a lokaci guda. Dokar ta amince da masu riƙe da ƙasa bisa al'ada ko da babu takarda, kuma kotuna sun sha cewa ƙwace fili a ba wani mutum don amfanin kansa ba maslahar jama'a ba ce. Amma bin wannan haƙƙi yana buƙatar lauya da kuɗin mota zuwa kotu na tsawon shekaru, kamfani yana da su, mai gayauna ba shi da su. Gyara dokar ma ba ƙaramin aiki ba ne, domin an saƙala ta cikin kundin tsarin mulki na 1999.

Ta ɓangaren kuɗi ma ba a bar ƙaramin mai nema da wata madafa ba. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Tsari ne da aka ɗinka wa mai albashi da takardar shaidar mallaka. Mai sayar da dabbobi a kasuwar Maigatari, ko da yana juya miliyoyi duk ranar Alhamis, shaidarsa a kan fili ba ta wuce takardar ciniki da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu ba, banki kuma ba ya karɓarta jingina. Ga kuma ƙyamar bashi mai ruwa da ke hana da yawa kusantar tsarin tun farko. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu 10 a wurare da dama, ambaliyar 2022 da ta 2024 kuma ta rusa dubban gidajen ƙasa a Jigawa, ta mayar da masu su sahun masu nema.

Gwamnatoci sukan amsa wannan matsala da gina rukunin gidaje. Gwamnatin Umar Namadi ta sanar da shirin gidaje 1,500 a Dutse da wasu manyan garuruwan jihar, Gwamnatin Tarayya kuma tana da nata shirin a jihohi da dama. Abin dubawa shi ne hannun wa gidajen za su faɗa, kuma Kano ta riga ta nuna yadda abin ke kasancewa. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina a zangon Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu da gudummawar kuɗin 'yan fansho, sun shafe shekaru da yawan gidajensu a kulle, bayan masu hali sun saya sun ajiye. Sai da ta kai Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba masu su wa'adi a 2025, ko su tare, ko su sa haya, ko a soke. Wannan duk a birnin da kuɗin haya ke korar ma'aikata zuwa bayan gari.

Ba za a ɗora wa babban jari laifin komai ba. Ko a Amurka, kason manyan kamfanoni a gidajen ƙasar baki ɗaya kaɗan ne, ya taru ne a wasu birane kamar Atlanta, kuma masana da dama suna ganin ƙarancin gini ne asalin tsadar. Haka nan yankin Gumel yana buƙatar masana'anta, kuma babu mai kawo ta ba tare da fili mai faɗi ba. Abin da ya rage shi ne sharuɗɗan da za a ba shi filin a kansu.

Akwai matakan da ke hannun gwamnatin jiha ba tare da jiran Abuja ba. Za ta iya shata wa kowane gari da ƙauye filin faɗaɗa kafin a sa hannu a kan kowace yarjejeniya, ta yadda shingen kamfani ba zai tsaya a bakin zaure ba. Za ta iya sauƙaƙa takardar mallaka ta al'ada, wadda dokar 1978 ta riga ta ba ƙananan hukumomi ikon bayarwa a karkara, har ta kai matsayin da banki zai karɓa. Dokar ta kuma tanadi sake tsugunarwa a madadin diyyar kuɗi, wanda ya fi dacewa da manomi, tunda kuɗin diyya kan ƙare kafin damina biyu. Game da gidajen da gwamnati ta gina da kuɗin jama'a kuwa, sharaɗin gida ɗaya ga mutum ɗaya, da wa'adin tarewa, da wallafa sunayen waɗanda aka ba, ya fi sauƙin kafawa ranar rabo fiye da bayan shekara goma, kamar yadda Kano ta gani.