KADA KA TAYA GIDA SAI BANKI YA BA KA TAKARDA

Jama'a, a kasa kunne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, don maganar ta shafi kowane magidanci.

Kai da kake da ɗa yana aiki a birni, ko kai kanka kake nufin sayen gida da rancen banki, kada ka fara da dillali. Fara da banki. Kai musu takardar shaidar albashinka ko ta cinikinka, ka faɗa musu bashin da ke kanka, su duba, su rubuta maka iyakar abin da za su iya ranta maka. Da wannan takarda a hannu sannan ka shiga neman gida daidai ƙarfinka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka ƙi, ga abin da kan faru. Ka ga gida ya yi maka, ka sayar da shanu biyu ka ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi la'adarsa. Ka je banki su ce samunka bai kai ba. To, wa zai mayar maka da shanunka?

Hanya kuwa tana nan. Tun 1977 aka kafa Bankin Ba Da Rancen Gidaje na Tarayya, a 1992 kuma aka yi dokar Asusun Gidaje na Ƙasa. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa Naira biyu da rabi cikin kowace ɗari ta albashinsa, mai sana'ar kansa ma yana iya shiga. Wanda ya yi wata 6 yana zubi yana da ikon neman rance, ruwansa kashi 6 cikin 100 a shekara, biya har shekara 30. Amma fa ba a yarda biyan wata ya wuce sulusin samunka ba. Mai gudun riba ya tambayi bankunan da ba sa cin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Sai dai ka sani, takardar nan ba kuɗi ba ce tukuna. Banki zai aiko a ƙiyasta gidan, a binciki takardunsa. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izninsa, kuma ba a jinginar da fili sai hukuma ta yarda. Gidan da ba shi da takarda, banki ba zai karɓe shi jingina ba.

Ga zaɓe ya ƙarato, masu neman ƙuri'a za su zo da alkawarin gidaje. Ka tambaye su a bainar jama'a: wata nawa talaka zai yi kafin takardar filinsa ta fito? Ka riƙe amsar har ranar jefa ƙuri'a.

Allah ya ba kowa muhallinsa, amin.