Zanen aro ba ya rufe katara: abin da rufe Google Reader ya koya mana

Kwanan baya muna zaune a wata fada kusa da shataletalen Maourey, ana jiran shayi na biyu, sai wani matashin malami ya tambaye ni: "Malam, kai ina kake samun labarai?" Na ce ina da jerin kafofin da nake bi. Ya yi dariya, ya ce shi ba ya neman kowa, duk abin da ya faru Facebook zai kawo masa har gado. Amsar tasa ce ta tuna min da Google Reader, wanda da yawa daga cikin ƙannenmu ba su ma taɓa jin sunansa ba.

Kamfanin Google ya buɗe shi a 2005. Aikinsa ɗaya ne: ka zaɓi jaridu da shafukan da kake so, shi kuma ya tattaro maka duk sabon abin da suka wallafa a wuri guda, bi da bi, ta hanyar tsarin da ake kira RSS. Babu mai tace maka, babu mai cusa maka abin da ba ka nema ba. Ga mu da muke biyan kuɗin awa a shagon intanet a wancan zamani, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kafin shafi biyar su buɗe ɗaya bayan ɗaya awarka ta ƙare, amma a nan taga ɗaya ta ishe ka.

Ranar 13 ga Maris 2013 kamfanin ya sanar da cewa zai rufe shi, wai masu amfani da shi sun ragu. Ranar 1 ga Yuli aka rufe. Mutane suka bazama neman madadi, har manhajar Feedly ta ce ta samu sabbin mutane fiye da 500,000 cikin kwana biyu. Wasu suka koma Digg Reader, wanda aka gina musamman don cike gurbin, shi ma aka rufe shi a 2018. Abin lura a nan shi ne, wanda ya kwashe jerin kafofinsa a ɗan fayil ɗin nan mai suna OPML bai wahala ba, ya ɗauki kayansa ya sauya gida cikin ƴan mintuna. Wanda ya yi sakaci shi ne ya koma tara su daga farko.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Mu ma mun ɗanɗana, sai dai ta rediyo ta zo mana. A Agustan 2023 aka dakatar da RFI a Nijar, a Disambar 2024 aka sanar da dakatar da BBC na wata uku. A Maris 2025 kuma Sashen Hausa na Muryar Amurka, da ke watsa shiri tun 1979, ya yi tsit bayan wani umarni na Shugaba Trump. Dalilan sun bambanta, kuma ba su nake son tattaunawa yau ba. Amma ga dattijon da ya saba murɗa akwatinsa bayan sallar asuba, abin ɗaya ne: ya tashi ya tarar an rufe ƙofar da ya saba bi, kuma ba wanda ya nemi shawararsa.

To me ya shafi malamai da iyaye? Mu ne muka fi kowa rataya kayanmu a ƙusar wasu. Ni kaina ya faru da ni. Muna da wani zaure na malamai a waya inda muka shekara uku muna tara tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da gyaransu. Ban taɓa adana ko ɗaya a wani wuri ba, ina ganin ai suna nan. Ranar da wayata ta faɗa ruwa, sai na tarar kowa ya goge nasa don neman fili, kowa na zaton wani ya ajiye. Laifin nawa ne.

Abin da ya fi damuna ma ba asarar takardu ba ce. Yaron da ya tashi bai taɓa zaɓar kafa da kansa ba, sai abin da manhaja ta turo masa, ba zai iya bambance rahoton ɗan jarida da saƙon murya da aka yi ta turawa ba. Manhajar tana ba shi abin da zai riƙe shi a kan waya ne, saboda daga talla take ci.

Na san za a ce kuɗin data ya yi tsada, kuma ba kowane uba ke karatun boko ba. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce kowa ya koma RSS ba, don ma ba kowane shafi ke da shi yanzu ba. Malamin da ke da hali ya buɗe Feedly ko Inoreader, suna da tsarin kyauta, amma ya riƙa kwashe jerinsa lokaci zuwa lokaci, domin su ma na wasu ne. Wanda ba shi da hali, littafin rubutu ya ishe shi: sunan kafa, adireshinta, mitar da ake kama ta, da lokacin shirin Hausa. A haɗa na gida da na waje, kamar Le Sahel da Studio Kalangou a nan Yamai, Aïr Info ta Agadez, Aminiya daga Najeriya, da Sashen Hausa na DW. A bar yara su rubuta jerin da hannunsu, kowa ya faɗi dalilin da ya sa ya yarda da kafar da ya kawo.

Takardun darasi kuwa, ƙungiyar iyayen yara ta saya wa makaranta katin ajiya ɗaya, a zuba su ciki, a kuma buga masu muhimmanci a ajiye a ofishin darakta. Matashin malamin nan ya yi min alkawarin zai gwada da ajinsa bayan hutu, ni kuma na ce zan kawo masa nawa jerin ya kwafa.