Kafin Jirgi Ya Iso Kazaure

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka soma aikinsa a 2021, ta Kazaure aka shata shi. Abin murna ne. Amma jirgin ƙasa ba mutane da hatsi kaɗai yake ɗauka ba. Yakan ɗauki fetur da magunguna masu dafi.

A 2023 wani jirgi ya goce daga kan layi a jihar Ohio ta Amurka, ɗauke da sinadarin yin roba. Sai da aka kwashe mutanen garin, kifaye dubbai kuma suka mutu a rafuka. Mu ma muna da madatsar ruwa a Kazaure.

Kun tuna Majiya a nan Jigawa? A Oktoba 2024 tankar mota ta kife, jama'a suka ruga kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu.

To, tun ran gini ran zane. Ya kamata hukumar NEMA da ta jiha su tanadi motar kashe gobara, su shirya asibitoci, su kuma wayar da kan dagatai har Roni da Gwiwa da Babura.

Ku kuma iyaye, ku koya wa yara. In tanki ya kife, kada a matsa kusa. A gudu ta wajen da iska ke fitowa, a hau tudu. Kada a ƙyasta ashana. Kada a sha ruwan wurin, ko a shayar da dabba, sai hukuma ta yi izini.

Sai wata mai zuwa.