Fakon gindin dutse: a ba shi ruwa kafin a ba shi taki

Matafiyin da ya bar Birnin Ƙonni ya nufi Tawa da rani, ko ya karkata gabas wajen Keita da Buza, ƙasa iri uku zai gani a jere. A saman tudu akwai marmara da baƙaƙen duwatsu. A gangare akwai tsakuwa. A gindin dutse kuwa sai shimfiɗaɗɗen fili ja-ja, mai sulɓi, wanda ko tsiron ciyawa babu a wasu wuraren. Manoma fako suke ce masa, kuma da yawansu sun daɗe da cire rai da shi. Masu rabon taki da tarakta ma sukan wuce shi. Kuskure ne babba, domin a ƙarƙashin wannan ɓawo akwai ƙasar da ta fi jigawa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ruwan sama ne ya tara ta. Shekara da shekaru yana wanko dutse, yana barin manyan duwatsu a sama, yana zubar da tsakuwa a gangare, sai ya sauke lallausar ƙasa inda gudunsa ya ragu. Abin da ya taru gauraye ne na laka da yashi da garin ƙasa mai laushi. Masana kimiyyar ƙasa sun yi mata iyaka: laka kashi 27 zuwa 40 cikin ɗari, yashi kashi 20 zuwa 45. Manomi ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya gane ta. Ya ɗebo kaɗan, ya jiƙa, ya murza tsakanin babban yatsa da manuniya. Idan ta miƙe kamar tsawon gaɓar yatsa ko biyu kafin ta karye, kuma yana jin ɗan yashi a ciki, ita ce. Rairayi ba ya ko dunƙulewa, yumɓun tukwane kuma ya fi haka miƙewa.

Wannan laka da ke cikinta ita ke riƙe danshi da abincin shuka. Idan ta sha ruwa ta ƙoshi, takan ajiye wa saiwa kusan ninki biyu na abin da rairayi ke ajiyewa, kuma takin da aka zuba mata ba ya zurarewa ƙasa da ruwan farko. Shi ya sa dawa ke son ta, gamba da kyasuwa ke yin tsayi a kanta, bagaruwa da magarya ke kafuwa. Magina ma sun san darajarta: a cuɗa ta da ciyawa, tubalinta ba ya tsagewa kamar na zallar laka, ba ya rugurgujewa kamar na yashi. Manyan rumbunan ƙasa na Adar, wato yankin Tawa da Keita, shaida ne.

Aibinta ɗaya ne, amma mai tsanani: ba ta shan ruwa da sauri. Muddin akwai ciyawa a kanta, ganye na tare ɗigon ruwa, saiwa da gara na buɗe masa ƙofofi. Da zarar kiwo ya yi yawa, ko gobarar daji ta cinye, ko an share fili an bar shi tsirara, ɗigon ruwa zai daddaki fuskar ƙasar, lallausan garin ya toshe ƙofofin, rana ta gasa shi ya zama ɓawo. Daga nan ruwan da ya sauka sai ya bi ta kai ya wuce, ya haƙa kwazazzabo, ya kai yashi cikin fadama. A shekarar da damina ta yi gardama, sai a ga gero a jigawa ya tsira, dawa a ƙasa mai ƙarfi ta ƙone, saboda rairayi ya shanye ɗan abin da ya sauka, ita kuwa ta bar shi ya tafi.

Mutanen Adar sun nuna cewa ana iya juya wannan hali. A shekarar farin 1984 aka fara aikin raya kwarin Keita da kuɗin Italiya, tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An haƙa ramuka a gangaren duwatsu an dasa itatuwa, an ja kunyoyi masu jeren duwatsu a kwance a gindin tudu, an yi madatsai a bakin ƙoramu. Yawancin masu ɗaukar duwatsun nan mata ne, domin maza sun tafi ci-rani, kuma da abinci ake biyan su.

A Illela ta Nijar, abin ya fi haka sauƙi. A 1989 wasu manoma suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake farfaɗo da fako da ƙananan ramuka. Suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabarar da ake kira tassa. Da rani ake haƙa ramin, faɗin santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba takin gida cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta biyo takin, ta huda ƙasar. Ruwan farko ya taru a ramin ya nitse, sai a shuka. Ba a daɗe ba mutane suka fara sayen fakon da dā ko kyauta ba mai karɓa. A filayen kiwo kuma rabin wata ake haƙawa, kimanin 300 a hekta guda, a watsa irin ciyawa a ciki.

Aikin akwai wahala, domin fasa fako da rani sai da diga da zufa. Amma shi ne abin da ƙasar ke nema. Taki a kan ɓawo, ruwa ne zai kwashe shi. Tarakta kuma, idan ta yi huɗa tana bin gangare, hanya ta yi wa zaizaya. Idan ta shiga ƙasar tana jiƙe, sai ta danne ta ta ƙara mata tauri.

Arewacin Najeriya na da irin waɗannan filaye a gindin duwatsun Mandara wajen Gwoza da Mubi, da kewayen Ningi da Kazaure da Kwatarkwashi. Kuɗi ma akwai: a Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ya kamata kaso mai tsoka ya tafi ga masu haƙa tassa da jera duwatsu, a biya su ladan aikin rani a ƙauyukansu, a kuma kai manoma Tawa su gani da idonsu, kamar yadda na Illela suka je Yatenga.

Sai dai akwai maganar da ba a so a taɓa. Yawancin filayen gindin dutse makiyaya ce tun kaka da kakanni. Lokacin da suke fako, ba mai gardama a kansu. Ranar da suka yi kore, masu su za su yi yawa, kuma makiyayi ne ke fara rasa wurin tsayawa. Ba kowane gindin dutse ya dace a mayar gona ba. Inda gangare ya yi tsanani ko ƙasar ba ta da zurfi, ciyawa ce amfaninsa, kuma ciyawar ce ke kare gonakin da ke ƙasa da shi.

Don haka kafin diga ta taɓa ƙasa, hakimai da arɗo-arɗo da shugabannin ƙananan hukumomi su zauna su rubuta wane fili ne na noma, wane ne na kiwo, ina burtali ya bi, kuma damina nawa za a hana dabbobi shiga har ciyawa ta kafu. Gwamnonin da ke shirin rabon takin bana su ware wani abu don wannan zama da kuma ladan masu haƙa, tun rani bai wuce ba.