Ra'ayinmu: Kuɗin mai babur ma kuɗi ne

'Yan uwa, daga cikin koke-koken da ake kawowa ofishin ƙungiya akwai wani da jama'a da dama ke ɗauka ƙaramin abu ne, mu kuwa ba mu ɗauke shi haka ba. Wasu gidajen sayar da abinci na zamani a nan Legas suna da taga ta musamman, inda mai mota zai tsaya ya faɗi abin da yake so, ya biya, a miƙo masa ba tare da ya sauko ba. To, da zarar mutum ya shiga layin nan a kan babur, sai maigadi ya ɗaga masa hannu ya ce ya fita. Wani ɗan uwanmu magidanci ya shaida mana cewa ya je saya wa 'ya'yansa abinci da daddare, an riga an rufe ƙofar shiga sai tagar kaɗai ke aiki, amma aka hana shi, yana ji yana gani aka sallami motoci uku da suka zo bayansa.

Masu waɗannan wurare suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa layin an yi shi ne domin mota, kuma mai babur na iya faɗuwa ko wata mota ta buge shi ta baya a ɗora musu laifi. Suna kuma cewa 'yan fashi kan yi amfani da babur. Babu mai musun wannan, amma 'yan fashi suna amfani da mota ma, kuma ba mu taɓa jin an kori masu mota baki ɗaya saboda haka ba.

Hujjar da muka fi ji a bakin masu gadi ita ce wai "gwamnati ta hana okada". A nan ne ake cakuɗa abubuwa biyu. Gaskiya ne a 2012 gwamnatin Babatunde Fashola ta hana acaba bin hanyoyi 475, kuma daga 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta haramta sana'ar a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a watan Satumbar shekarar ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Somolu da Mushin. Wannan doka ce ta hanya, kuma aiwatar da ita aikin 'yan sanda ne da jami'an gwamnati. Ba ta mayar da mai sayar da shinkafa da kaza ɗan sanda ba. Abin mamaki ma shi ne, masu kai saƙo a kan babur, waɗanda haramcin bai shafa ba, su ne ke kwasar abincin waɗannan gidaje suna kai wa jama'a unguwa-unguwa. Ashe babur yana da kyau idan zai kawo ciniki, sai idan mai shi ne zai ci abincin yake zama abin tsoro?

Mun san abin da ke zukatan mutanenmu, don haka gara mu faɗe shi a fili. A kudu, da an ga mutum a kan babur da alamar ɗan Arewa, sai a ce "aboki", kuma sau da yawa korar ba ta babur ba ce, ta mai babur ce. Ba mu manta da watan Agustan 2019 ba, lokacin da aka tare matasa 123 'yan Jihar Jigawa da baburansu 48 a kan hanyar shiga Legas, aka tsare su, daga baya aka sake su domin ba a same su da laifin komai ba.

Sai dai kada wani ya ruɗe ku game da doka. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa, amma ya fi fuskantar dokoki da ayyukan gwamnati. Inda mai saye yake da ƙofar kai ƙara ita ce hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC. A watan Afrilun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti na 'yan China a Abuja bisa zargin hana 'yan Nijeriya shiga. Kafin nan, a watan Maris na shekarar, hukumar filayen jiragen sama ta rufe reshen KFC da ke filin jirgin Murtala Muhammed saboda an hana wani mai keken guragu zama a ciki. A duka biyun, mutanen da aka wulaƙanta ba su yi dambe ba, magana suka yi da hujja a hannu.

Saboda haka muna roƙon duk wanda abin ya faru da shi kada ya tsaya sa-in-sa da maigadi. Umarni aka ba shi, kuma sau da yawa ma shi kansa ɗan uwanmu ne da ke tsoron rasa aikinsa. A nemi ganin manaja cikin ladabi, a tambaye shi ko dokar a rubuce take, kuma ko ta shafi kowane mai babur. In an ce a ajiye babur a shiga ciki a saya, sai a yi hakan, wannan ba wulaƙanci ba ne. In kuwa ciki a rufe yake, ko an shiga an sake hanawa, to a riƙe rana da lokaci da sunan wurin, a samu shaida ko da mutum ɗaya ne, a kawo ofis.

Mu ma da namu gyaran. Ajiye babura biyar a bakin ƙofar mutane ana jiran fasinja yana ba masu wurin hujjar da suke nema, kuma shugabannin tashoshin acaba su ne ya kamata su tsawatar.

Buƙatarmu ga masu gidajen abincin ba ta da yawa. In tagar ba ta dace da babur ba, su keɓe wurin ajiye babur, su bar ƙofa ɗaya a buɗe muddin tagar tana aiki, su kuma rubuta dokarsu a allo kowa ya gani. Da zarar koke-koken sun taru da shaidunsu, ƙungiya za ta rubuta wa kowane gida takarda, tare da aika kwafi ga Sarkin Hausawan yankin da kuma ofishin FCCPC na Legas.