Kafin a sayar da gona don karatun waje

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar Bak ya fito, zauren gidana a Dogondutsi ba ya rabo da baƙi. Ni ba malamin jami'a ba ne. Makarantar horon malamai ta Dosso na yi, kuma fiye da shekara 20 ke nan ina riƙe da alli a firamare. Amma yaran da na koya wa baƙi da wasali sun girma, iyayensu kuma har gobe kallon masanin hanya suke yi mini. A ƴan shekarun nan tambayarsu ɗaya ce: "Mushe, ina za mu tura yaron nan ya yi karatu da Ingilishi?"

Tambayar tana da dalili. A 2023 Faransa ta dakatar da bai wa ɗaliban Nijar biza. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Bututun man da ya taso daga Agadem, ya ratsa jiharmu ta Dosso zuwa Benin, kamfanin ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, kuma mai neman aiki a irin waɗannan kamfanoni ya san zai buƙaci Ingilishi. Don haka ban ga laifin uban da ke hange ba. Abin da nake tsoro shi ne yadda muka ɗauka cewa da zarar yaro ya ƙetare iyaka ya iya Ingilishi, to ya gano abin da zai yi da rayuwarsa. Harshe ba ya nuna wa yaro sana'arsa. Sai ya sa hannu cikin aiki yake sanin ko nasa ne.

Ɗalibaina biyu ne suka koya mini wannan. Na farko, mahaifinsa manomi ne a yankin Tibiri. Ya sayar da shanun huɗa da rabin gonarsa, ya damƙa kuɗin ga wani dillali da ya yi alkawarin gurbi a Indiya. Na tambayi yaron me zai karanta, ya ce, "Duk abin da suka ba ni, Mushe." Bayan shekara uku ya dawo da Ingilishi mai daɗin ji da takardar da bai san inda zai kai ta ba, domin ko sau ɗaya bai taɓa shiga ma'aikata ba. Yau kabu-kabu yake yi a Yamai. Ni ma da laifina, domin na ji amsarsa na yi shiru.

Ta biyu yarinya ce da ta tashi tana taya mahaifiyarta ban ruwa a fadamar Dutsi. Kowa a nan ya san halin dankalin Turawa: a shuka da sanyi, a haƙe lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, abin da ya rage ya ruɓe da zafi. Da wannan damuwar ta tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta karanta noma. Da lokacin koyon aiki ya zo, ta nemi a tura ta wata gona a jihar Filato, cibiyar dankalin Najeriya. A can ta ga yadda ake zaɓen iri da yadda ake adana shi. Da ta dawo ta ce mini, "Mushe, shekara uku ina karatu ban san me nake nema ba, wata shida a gona suka nuna mini." Yanzu da ƙungiyar manoma take aiki.

Ba ta fi shi ƙwaƙwalwa ba. Ta fita da tambaya daga gida, kuma makarantarta ta tilasta mata aiki. Najeriya tana da tsarin SIWES tun 1973, wanda ke wajabta wa ɗaliban noma, injiniya da kimiyya su yi watanni a ma'aikata kafin a ba su digiri. Ga mu Arawa, wannan "ƙasar waje" tana bayan gida. Ƴan uwanmu suna Kangiwa da Argungu a jihar Kebbi, kuɗin mota bai kai na jirgi ba, uba kuma yana iya zuwa ya ga inda ƴarsa ke kwana. Ko a cikin gida akwai jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi mai koyarwa da Ingilishi, akwai cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai inda ɗalibi zai haɗu da masana daga ƙasashe da dama.

Wani zai ce a Sakkwato kowa Hausa yake yi, yaushe yaro zai goge a Ingilishi? Gaskiya ne, yaro na iya shekara huɗu can bai yi Ingilishi ba sai a takardar jarrabawa. Amma gyaran yana hannunmu malamai. Yaranmu suna fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, su yi shekara bakwai, su fito da dokokin nahawu a kai, bakinsu a ɗaure. Minti goma na magana zalla a kowane darasi, da ƙungiyar hira sau ɗaya a mako, ba sa buƙatar ko dala daga gwamnati. Mu na firamare kuma mu riƙa kai yara wurin maƙeri, asibiti da lambu, su ga aiki da idonsu tun da wuri.

Ga iyaye kuwa, kafin a kira mai sayen gona, a yi tambaya uku. Shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Nijar ta amince da takardar makarantar? Ba wasa ba ne: a Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo, ɗalibai da yawa suka shiga uku. Shin akwai koyon aiki na dole a cikin karatun, wata nawa, kuma a ina? Sannan a tambayi yaron kansa wace matsala ya gani a garinsu da yake son ya koyo maganinta. In ya rasa amsa, a bar shi ya yi hutun damina guda yana bin likitan dabbobi a Matankari ko mai haɗa sola a Kore Mairuwa. Wata uku sun isa ya gane ko ransa na so.

Makon jiya wani dattijo ya zo da ɗansa, ya ce ya riga ya yi cinikin gonarsa. Na ce, "Baba, dakata tukuna." Na juya ga yaron na tambaye shi me zai karanta. Ya sunkuyar da kai. Wannan karon ban yi shiru ba. Gobe zai fara zuwa garejin wani tsohon ɗalibina, mu ga abin da damina za ta nuna masa.