A Bar Fitilu, A Leƙa Shasi

Wannan makon da faɗa muka zo, wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri.

Akwai wata mota da ta addabi labaran matasa, sunanta "wata dalleliyar jif". Ita ce ke ɗauko jarumi daga filin jirgi, ita ce ke tsayawa a ƙofar gidan su yarinya har unguwa ta fito kallo. Ba ta shan mai, ba ta faci. Wannan mun riga mun saba da ita. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ta fara shiga daji. Jarumi zai bi sawun ƙanwarsa, ko zai haye dutse ya kai magani wani ƙauye, sai ya sayi tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, marubuci ya shirya masa ita cikin layi uku: a ɗaga ta sama, a sa mata ƙatta-ƙattan tayoyi, a jera fitilu a rufi, a fesa mata baƙin fenti. Washegari ta kama hanya. Wannan ƙarya ce, kuma da a gaske ne gawar jarumin za a ɗauko daga kwazazzabo.

Mun san inda aka samo hoton. Daga bidiyon Amurkawa ne. A can tayar da tsohuwar mota don hawan duwatsu wasa ne na masu hali, suna da filayensa sanannu, irin su hanyar Rubicon a Kalifoniya mai tsawon kimanin kilomita 35, da garin Moab a jihar Yuta inda masu Jeep ke taruwa duk shekara tun 1967. Da yawansu ma a kan tirela suke jan motar zuwa bakin dutse, idan ta karye a ɗora ta a koma gida, ranar Litinin a tafi aiki da wata motar. Ba mu ga laifinsu ba, kuɗinsu ne. Laifin na marubucin da ya kwafi abin da kyamara ta haska ne, ya manta cewa muna da masu wannan aiki a gida, waɗanda a wurinsu babu wasa a ciki.

Ku je tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Daga Mayo Selbe a gindin dutse hanya ke murɗewa ta haura Maisamari, ta wuce Nguroje, ta isa Gembu, a tudun da ya haura mita 1,500 daga matakin teku. Da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyuka sai jar laka mai santsi, damina kuma doguwa. Motar da har yau ake ganin tana wannan zirga-zirga ita ce tsohuwar Land Rover, wasu irin samfurin da aka daina ƙerawa tun 1985. Ita ke ɗaukar masara da buhunan gishiri da fasinja, ita ke ɗauko mai naƙuda. Babu wadda ta kai wannan shekaru da ikon kanta. Kanikawa ne suka tayar da ita, suka sake tayarwa, kuma suna da tsarin da suke bi, wanda ya yi hannun riga da na labaranmu.

Bakanike na ƙwarai kwanciya yake fara yi a ƙarƙashinta da guduma. Tun da aka fara yin Land Rover a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, da alminiyam ake yin jikinta. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa za ka ga bodi garau ka ɗauka mota ce lafiyayya. Amma shasin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne mai rami a ciki, laka na shiga ta kwanta, ta riƙe danshi, ta ci shi daga ciki zuwa waje. Sai an ƙwanƙwasa ake ganewa: inda ya yi ƙara lafiya, inda ya amsa a dushe to a yanke a yi walda. Wurin da sifirin ke maƙale da shasi ya fi ko'ina haɗari, don idan ya ɓalle da lodi a kan gangare, aksul ɗin gaba ɗaya ne zai goce. Wanda ya fesa fenti bai duba nan ba ya yi wa gawa kwalliya.

Bayan shasi sai birki da sitiyari, kafin ma a yi maganar ƙarfin inji. Mutanen gari suna tsoron kada mota ta kasa hawa. Direban dutse saukowa yake tsoro. Waɗannan tsofaffin motoci birkin ganga gare su, idan aka daɗe ana taka shi a doguwar gangara sai ya yi zafi ya daina kamawa. Man birki kuma yana shan danshi da tsufa, idan ya tafasa sai ka taka ƙafa ta nutse har ƙasa babu komai. Shi ya sa ake sauya man da bututan da suka tsufa, shi ya sa kuma direba ke saukowa da ƙaramar giya, ya bar inji ya riƙe motar. Sannan a wanke lagireto a duba bel, domin hawa a hankali da lodi shi ke dafa inji. Ku ƙara da cewa iskar kan tudu ba ta da kauri, injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Motar da ke gurnani a Jalingo, a Gembu haki take yi.

Yanzu mu zo ga ɗagawa da manyan tayoyi, tunda su ne abin so. Abin da ya fi kusa da ƙasa a irin wannan mota shi ne tulun da ke tsakiyar aksul, inda ƙarfi ke rabuwa zuwa tayar hagu da ta dama. Ɗaga bodi ko ƙara wa sifirin tsawo ba ya ɗaga wannan tulun ko da faɗin yatsa. Nauyin motar kawai ka mayar sama, ga buhuna a rufi, ga hanya a karkace, sai ta kife a inda da can za ta wuce lafiya. Taya ce kaɗai ke ɗaga tulun, ita ma rabin abin da aka ƙara mata a tsawo kawai take bayarwa, kuma da tsada: birki ya ƙara rauni, giya ta yi nauyi, sandunan aksul su sha wahala. Waɗannan sanduna a tsohuwar Land Rover sun yi suna wajen karyewa, musamman idan taya ta yi ta juyawa a laka sannan ta cafki ƙasa kwatsam. Wannan ne ya sa gogaggen direba ke ajiye safayarsu kusa da jak da igiya da shebur. Fitilu kuwa, biyun da aka haife ta da su, idan wayarsu na da kyau, sun kai shi gida.

Ga wani abu da muke so ku riƙe, don yana da daɗin sakawa a labari. A gefen sandar giya ta tsohuwar Land Rover akwai wasu biyu, mai rawayan kai da mai jan kai. Idan an danna rawayar, ƙafafun gaba sun shiga aiki. Idan an ja jar baya, an shiga ƙaramin zango, mota ta koma tafiyar hawainiya da ƙarfin da ya ninka fiye da sau biyu. Amma ba a yin haka a kan busasshiyar kwalta, domin gaba da baya a ƙulle suke tare, a kwana sai su riƙa murɗe juna har wani abu ya karye. Kuma jan ƙafa huɗu ba ya nufin huɗun duk suna turawa. Tulun nan yana sakin juyi ne ta ɓangaren da ya fi sauƙi, saboda haka idan taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suka rasa ƙasa, mota za ta tsaya cak tana watsa laka. A nan ne fasinja ke sauka, a sari rassa, a jera duwatsu, a tura. Wane marubuci ne zai bar wannan fage, inda mai kuɗi da talaka ke shiga laka ɗaya har gwiwa, ya je yana ƙirga fitilu?

Za a ce mana, ai mu ba kanikawa ba ne, labari muke rubutawa, mai karatu soyayya ya zo nema. Mun ji. Ba mu ce a mayar da littafi ajin koyon gyaran mota ba. Amma ku dubi inda labarin yake. Mai mota yana da kuɗin abu ɗaya, ko ya gyara birki ko ya sayi taya, damina ta kawo kai, bashi na binsa, bakanike ya gaya masa gaskiya ya ƙi ji. Wata uku bayan haka matar maƙwabcinsa ce kwance a baya ana saukowa da ita asibiti. Duk abin da ake nema a labari yana cikin wannan zaɓi, kuma ba za ka iya rubuta shi ba sai ka san wanne ne cikin biyun ke kashe mutum. Wanda bai sani ba dole ya koma ga "kwatsam sai motar ta ƙwace", wanda shi ne mafakar duk wanda bai yi tambaya ba.

Akwai kuma masu cewa kalmomin gareji ba Hausa ba ce, kada a ɓata adabi da lagireto da salansa da shasi. Da waɗannan ma ba mu yarda ba. Kalmomin sun shekara da shekaru a bakin Bahaushe, sun ɗauki sautinsa da jam'insa, yaron gareji a Ƙofar Ruwa ta Kano da na Panteka ta Kaduna duk da su suke magana. A Agadas ta Nijar, inda ake shirya Hilux da Land Cruiser don rairayin Tenere, nasu aron daga Faransanci ne, kuma darasinsu ma daban ne: a can rage wa taya iska ake yi don ta shimfiɗu a kan yashi, abin da ake ƙara wa mota kuma jarkokin mai ne da ruwa. Marubucin da ya sa direban Agadas da na Gembu suka yi magana iri ɗaya, suka shirya mota iri ɗaya, ya nuna bai zauna da ko ɗayansu ba.

Gareji ba shi da nisa da kowa a cikinmu, kuma ba a biyan kuɗin shiga. A je da yamma lokacin da aiki ya lafa, a gaida oga, a sayi shayi, a tambaye shi me yake fara dubawa idan aka jawo masa tsohuwar mota, a rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. Duk wanda ya turo mana labarin daji domin gyara daga yanzu, kafin mu duba masa ƙa'idar rubutu za mu tambaye shi da wace giya direbansa ya sauko Mayo Selbe, kuma a ina ya ja jar sanda.